Ranar da Tsohon Dokin Amalanke Ya Tashi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan wani abu ne daga cikin karamomin Shehunmu, malami mai aiki da iliminsa, ma'abocin tsentseni da gudun duniya, fitilar masu neman shiriya, Allah Ya ƙara masa yarda, Ya haskaka makwancinsa. Kogi ne shi a fiƙihu da tafsiri da lugga, amma da za ka shiga ɗakin karatunsa ba za ka ga komai ba sai darduma ɗaya da gwiwoyinsa suka side, da kantar littattafai, da buta, da agogon bango wanda kullum yake gaba da minti biyar don kada salla ta riske shi bai shirya ba. Shekara ashirin da uku ina rufe shagon ɗinkina bayan Azahar in je in zauna gabansa, kuma a duk tsawon wannan lokaci ban taɓa ganin fushinsa ba sai sau ɗaya tak, shi ma a kan wani tsohon doki ne, kuma ni ne sanadi.

Dokin na mahaifinmu ne. Marigayi da amalanke ya ciyar da mu, yana ɗauko katako da siminti daga tasha zuwa wuraren gini, kuma shekara goma sha takwas dokin nan, wanda muke kira Bidi saboda launin gashinsa, shi ne yake ja. Da mahaifinmu ya rasu, Yayana ya gaji gidan da sana'ar, bai daɗe ba ya sayi ƙaramar motar ɗaukar kaya, ya jingine amalanken a jikin katanga, ya kai Bidi bayan gida ya ɗaure tsakanin tsofaffin tayoyi da kwanukan rufi masu tsatsa. Tun yana tunawa da shi sau biyu a rana, ya koma sau ɗaya, har ya zamana sai in ruwan wanke-wanke ya gangara wajen ne dokin yake samun abin jiƙa maƙoshi.

Wata rana na zagaya bayan gidan neman wata tsohuwar ƙafar keken ɗinki, sai na ga wani abu tsaye kamar an yafa fata a kan itace. Wallahi sai da ya motsa kunne na gane Bidi ne. Haƙarƙarinsa a waje ana iya ƙirgawa, ƙashin ƙugunsa ya tsaya kamar maratayin riga, igiyar wuyansa ta ci nama ta shige har ta yi gyambo, ƙudaje sun yi masa baƙi. Kofatansa sun yi tsawo sun lanƙwashe sama kamar tsohon takalmi. Ya gwaigwaye turken da aka ɗaure shi har ya kusa rabawa biyu, kuma duk ƙasar da igiyarsa ke kaiwa ya lashe ta tas, babu ko tsinke.

Ban san lokacin da na faɗa tsakar gida ina ihu ba. Na tarar da Yaya ya miƙe ƙafa yana wanke fitilar motarsa da soso.

Na ce, "Yaya, kana tsoron Allah kuwa? Ƙarfen nan kake yi wa wanka da sabulu, wanda ya ciyar da kai yana cin turke?"

Ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce, "Auta, rage murya, ba a shagonka kake ba. Doki ya tsufa, haƙora sun ƙare, ko ka ba shi zubarwa yake yi. In tauna masa zan yi?"

"Kuɗin makarantarka a bayansa aka ɗauko! Sadakin matarka a bayansa aka ɗauko!"

"To, ɗan albarka, ga shi nan, ɗauke shi ka kai shagonka ya riƙa zura maka zare a allura. In ba ka so, jibi masu sayen fata za su zo, kowa ya huta."

Da ba don matarsa ta shiga tsakani tana haɗa mu da Allah ba, da ranar an ji kanmu a unguwa. Na fita, ban zame ko'ina ba sai gaban Shehu, ko gaisuwar kirki ban yi ba, na zayyana masa komai, sannan na roƙe shi abin da har yau nake jin kunyarsa, wato ya ɗaga hannu ya yi wa ɗan'uwana addu'ar da za ta sa ya ɗanɗani yunwa kamar yadda ya ɗanɗana wa dabbar nan.

Shehu, Allah Ya yarda da shi, ya bari sai da numfashina ya daidaita, sannan ya ce, "Tela, sau nawa kake zuwa gidan?"

Na ce, "Duk mako, Allah Ya gafarta Malam."

Ya ce, "Sau nawa ka tambayi dokin?"

Sai ya miƙe ya ɗauki sandarsa da wata tsohuwar ragama mai laushi, muka tafi a ƙafa. Ya yi wa Yaya sallama cikin girmamawa, ya roƙe shi ya bar masa dokin, Yaya kuwa kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa soson hannunsa. Shehu da kansa ya yanke igiyar, ya zare ta daga cikin naman a hankali yana ambaton Allah. Tafiyar da ba ta fi minti goma ba sai da ta ci mana awa biyu, domin duk taku biyar sai Bidi ya tsaya ƙafafunsa suna karkarwa, Shehu ya tsaya tare da shi a tsakiyar titi, masu babura suna ta yi mana ham, shi kuwa ko a jikinsa.

Aka ɗaure shi ƙarƙashin bishiyar da ke tsakar gidan Shehu. Aka kira likitan dabbobi, wani gajeren mutum mai zafin baki amma gwani a aikinsa, ya goge masa tsinin haƙoran da suka yayyanka masa kunci, ya rage kofatan kaɗan, ya ce sauran sai a hankali. Shi da Shehu suka tsaya a kan magana ɗaya, kuma Shehu ya tara mu ya faɗa mana ita a sarari: cikin da ya daɗe babu komai ba ya ɗaukar alheri da yawa. Busasshiyar ciyawa mai laushi, cikin tafin hannu biyu, a jiƙa ta da ruwa, sau shida a rana, ba ƙari. Hatsi kuwa ko ƙwaya ɗaya kada ya gani sai an ba da izini. Ya ce, "Wanda yake son sa, ya kame hannunsa."

Shehu da kansa yake yin aikin. Hannun da manyan gari suke rububin sumbata, shi yake wanke gyambon da ruwan gishiri safe da yamma, shi yake cire kaska ɗaya bayan ɗaya daga ƙarƙashin geza. Yakan katse karatu a tsakiyar babi in lokacin ciyarwa ya yi, ya fita, ya dawo da ɓurɓushin ciyawa a hannun rigarsa, ya ci gaba daga kalmar da ya tsaya.

Kwana goma sha biyu ana haka, idon dokin ya ɗan washe, ya fara kaɗa jela, amma ƙashi yana nan ƙashi. Ni kuwa wutar da ke cikina ba ta mutu ba. Abin da nake so shi ne Bidi ya yi ƙiba, gashinsa ya yi sheƙi, in ja shi in bi ta ƙofar gidan Yaya da rana tsaka, kowa ya gani ya tofa masa albarkacin bakinsa. Ana cikin haka sai ga Yaya ya biyo ta layinmu da motarsa, ya rage gudu a ƙofar shagona, ya leƙo ta taga.

"Auta! Yaya ingarman naku? Na leƙa jiya, ashe har yanzu ana iya shanya wanki a bayansa. Ni da na ce haƙora ne kuka ce mugunta ce. To ku ma yunwar kuke ba shi, sai dai taku da bismilla!"

Ya ja motarsa yana dariya, ya bar ni riƙe da almakashi, har na ɓata wuyan rigar mutane ban sani ba.

Washegari da hantsi Shehu ya tafi jana'izar wani aboki nasa a can ƙarshen gari. Na cika rabin bokiti da hatsi, na barbaɗa sukari, na rufe da ƙyalle, na shiga gidan kamar mai kawo ɗinki. Bidi ya sa kai ya cinye yana rawar jiki, ni kuma ina shafa wuyansa ina jin na fi kowa tausayi. Abin da ban sani ba shi ne, ba ni kaɗai Shaiɗan ya yi wa huɗuba a wannan safiya ba. Mu almajiran Shehu, magidanta da furfurarmu, muna da wata ɗabi'a: duk abin da hannunsa ya taɓa muna ganin albarka ta sauka a kansa, kuma kowa yana so ya samu rabonsa a ɓoye, don kada ladan ya ragu da riya. To dokin da Shehu yake wanke wa gyambo da hannunsa fa? Kafin in zo, wani kafinta daga cikinmu ya riga ya ba shi kwano guda na masara. Bayan na fita, mai shagon bakin layi, shi ma almajiri ne, ya shigo da nasa kwano biyu. Kowannenmu ya tafi yana murmushi, yana zaton shi kaɗai ne ya yi wa Allah wannan ciniki.

Kafin Azahar Bidi ya faɗi.

Da muka taru don karatu muka tarar da shi yana birgima, cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, gumi ya jiƙe shi sharkaf, yana juyowa yana cizon gefen cikinsa, yana wani nishi irin na mutum. Aka ruga aka ɗauko likita. Ya kasa kunne a cikin, ya daɗe, ya zura masa roba ta hanci ya ɗura mai, ya yi masa allura biyu, muka taru mu takwas muka ɗaga shi, ya sulale ya sake zubewa. Likita ya jefar da safar hannunsa ƙasa.

Ya ce, "Wane jahilin ne ya ba shi hatsi? Ku faɗa mini! Ga shi nan yana fitowa ta robar! Ku da gemu har ƙirji, magana ɗaya aka ce ku riƙe! Wanda ya bar shi da yunwa shekara biyu bai iya kashe shi ba, ku kun gama da shi kafin rana ta take!"

Likitan ya ce hanjin ya tsaya cik, babu motsi ko kaɗan, dasashinsa ya yi shuɗi, kuma doki mai wannan shekaru in ya kai nan ba ya dawowa. Ya ce rahamar da ta rage ita ce a hutar da shi, ya buɗe jakarsa ya fara haɗa allurar ƙarshe.

A nan ne Shehu ya shigo, ƙurar maƙabarta a ƙafarsa. Ya tsaya ya dubi dokin, ya dubi robar da ke ƙasa da abin da ya fito ta cikinta, sannan ya juyo gare mu. Ban taɓa ganin wannan fuska ba, kuma ina roƙon Allah kada Ya nuna mini irinta ranar tsayuwa. Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga, da ya fi mana sauƙi. Jijiyar goshinsa ta miƙe.

Ya ce, "Kafinta, masara kwano ɗaya. Mai shago, kwano biyu." Sannan idonsa ya sauka a kaina. "Tela, rabin bokiti, har da sukari."

Alhali babu wanda ya gan mu, babu wanda ya san na wani, shi kuwa tun hantsi yana wancan ƙarshen gari. Kafinta ya durƙushe yana cewa, "Allah Ya gafarta Malam, albarka muke nema."

Shehu ya ce, "A cikin hanjinsa kuka ga an ajiye ta?"

Ya sake dubana, ya ce, "Su biyun nan wauta ce ta ja su. Kai kuwa ba doki ka ciyar ba, fushinka ka ciyar. Yayanka ya manta da shi, kai ka tuna da shi don ka yi bulala da shi. Ku fita daga inuwar nan. Tasa ce."

Muka koma cikin rana muka tsaya kamar masu jiran hukunci, kuma da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Shehu ya juya wajen likita ya ce, "Likita, ka yi naka, Allah Ya saka maka. Ba ni zuwa La'asar. In bai tashi ba, kada ka bar shi ya wahala." Likita ya buɗe baki zai yi gardama, ya dubi fuskarsa, ya rufe.

Shehu ya yi alwala a natse, ya yi raka'a biyu a kan tsurar ƙasa kusa da dokin, ya daɗe a sujada har na zaci ba zai ɗago ba. Da ya sallame sai ya matsa ya zauna dirshan cikin turɓaya da farar rigarsa, ya ɗago kan Bidi ya ɗora a cinyarsa, ya ɗora tafin hannunsa na dama a kan cikin nan mai tauri, leɓɓansa suna motsi. Dokin da yake ta harbe-harbe ya lafa. Ni da nake kusa na ji abin da ya faɗa masa a kunne, da muryar da ake roƙon babban mutum:

"Bawan Allah, mun zalunce ka da hanawa, mun zalunce ka da bayarwa. Ka yafe mana."

Hawayensa ya ɗiga a kan gezar. Muka tsaya, rana tana dukanmu, inuwar katanga tana tsawo kaɗan-kaɗan, likita yana duban agogonsa, allurar tana kan murfin jakarsa. Can sai muka ji wata ƙara daga cikin dokin, doguwa, kamar ana jan tebur a ɗaki na kusa. Likita ya zabura. Shehu ya zare cinyarsa, ya miƙe, ya kama ragamar da yatsa biyu kawai, ya ce, "Tashi da izinin Wanda Ya halicce ka."

Dokin da mu takwas muka kasa tsayarwa ya miƙa ƙafafun gaba, ya yi nishi, ya yunƙura, ya tsaya a kan ƙafafunsa huɗu yana layi. Shehu ya ja shi suka zagaya bishiyar sau ɗaya, sau biyu, a na uku Bidi ya tsaya, ya ɗaga jela, ya kasayar da abin da ya cushe masa hanji, tuli guda, daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya da kiran La'asar. Ban taɓa zaton zan ga dattawa suna kabbara da kuka a kan kashin doki ba, amma na gani, kuma muryata ta fi ta kowa. Likita ya sa kunne a cikin, ya ɗaga leɓen ya duba dasashi, ya koma ya sake sa kunne, sannan ya zare allurar nan ya tsiyayar da ita a ƙasa, ya ce, "Shekarata talatin a wannan aiki. Ni dai ban san wannan ba."

Shehu bai yi murmushi ba. Ya ce da shi, "Man da ka ɗura ne Allah Ya sa wa albarka." Ni kuwa ya miƙo mini ragamar ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Tafin hannu biyu, sau shida. Kai za ka riƙa yi. Ba ka da karatu a wurina sai haƙarƙarinsa ya ɓuya."

Wata bakwai ya ɗauka. Wata bakwai ina rufe shago sau shida a rana, ina jiƙa ciyawa, ina wanke gyambo, ina jiyo muryar Shehu daga ɗakin karatu ba ni da ikon shiga. A wata na biyu aka fara ba shi jiƙaƙƙiyar dusa cikin cokali, a na huɗu tsohon gashin ya zube sabo ya fito, a na biyar ya yi haniniyar da ta firgita kajin maƙwabta. Ranar da na shafa gefensa ban ji ƙashi ba, Shehu ya leƙo ya ce, "Shigo, Tela. A babin da ka tsaya muke jiranka."

A cikin makon nan ne Yaya ya zo, don labari ya kai masa. Ya tsaya daga bakin ƙofa, hularsa a hannu, ya kasa shigowa. Ni kuwa wata bakwai ina tanadin maganganun da zan jefe shi da su, na jera su, na goge su, har na buɗe baki. Sai Bidi ya ɗaga kai, ya yi wata 'yar ƙaramar haniniya, ya ja igiyarsa har ƙarshe, ya miƙa wuya ya ɗora haɓarsa a kafaɗar mutumin da ya bar shi yana cin turke. Ni da na yi masa bauta wata bakwai bai taɓa yi mini haka ba. Yaya ya rungume wuyan ya fashe da kuka kamar yaro, ni kuma takaici ya kama ni har na ce, "Allah Ya gafarta Malam, dubi wannan butulcin!"

Shehu, Allah Ya ji ƙansa, ya ce, "Mai haƙƙin ya yafe. Kai kuma me kake bin sa?"

Na haɗiye maganganuna, kuma ba zan ɓoye ba, sun daɗe suna yi mini ɗaci a maƙogwaro kafin su wuce. Bidi ya ƙara shekara huɗu a ƙarƙashin bishiyar nan, bai sake jan ko tsinke ba, ni ina ciyarwar safe, Yaya yana ta yamma, har ajalinsa ya same shi da cikakken ciki.

Wannan shi ne abin da na gani da idona daga karamomin wannan bawan Allah, wanda bai taɓa yin fushi don kansa ba, ya yi shi don dabbar da ba ta da bakin kai ƙara. Ya Allah, Ka ɗaukaka darajarsa cikin salihan bayinKa, Ka yalwata kabarinsa, Ka shayar da mu daga albarkarsa gwargwadon abin da cikinmu zai iya ɗauka. Ka yafe mana haƙƙin duk wani mai rai da muka ɗaure muka manta, Ka ji ƙan iyayenmu da malamanmu, Ka sa mu cika da imani. Amin, ya Rabbal alamina.